Ma'ana da Asalin Kalmar Trapezoid

Gabatarwa

Ɗalibin da ya yi karatun sakandare a Kano ko Katsina ya san wata siffa mai gefe huɗu a darasin lissafi da sunan trapezium. Takwaransa na Maraɗi ko Damagaram kuwa ya san ta da sunan trapèze, domin da Faransanci aka karantar da shi. Idan ɗayansu ya shiga ɗakin karatu na jami'a ya ɗauko littafin lissafi bugun Amurka, sai ya tarar wannan siffa dai an kira ta trapezoid. Abin bai tsaya nan ba. In ya ƙara bincike zai ga littafin na Amurka ya keɓe sunan trapezium ga wata siffa dabam, wadda ita kuma a Ingila ake kira trapezoid. Watau kalmomi biyu ne da siffofi biyu, amma kowane ɓangare ya raɗa wa kowace siffa sunan 'yar'uwarta.

Wannan maƙala za ta bi sawun kalmar trapezoid daga tushenta na Girkanci, ta nuna yadda aka gina ta, da ma'anar da magabata suka ba ta, da kuma inda aka yi musayar sunayen. Batun ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye, saboda duk wanda ya zauna zai fassara littafin lissafi zuwa Hausa sai ya ci karo da wannan kalma, kuma tilas ya san wace siffa ake nufi kafin ya nema mata suna.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a share fage da shi. A lissafi ana maganar layuka biyu miƙaƙƙu waɗanda ke tafiya tare, tazarar da ke tsakaninsu ba ta raguwa ba ta ƙaruwa, kome nisan da aka ja su ba za su haɗu ba, kamar ƙarafa biyu na layin dogo. A nan za a riƙa kiran irin waɗannan layuka "masu daura da juna". Wannan ba ya nesa da abin da Girkawa da kansu suka ce, don kalmarsu ta parallelos ma'anarta "kusa da juna" ko "a gefen juna". Siffa ta farko da ake jayayya a kan sunanta tana da gefe huɗu, biyu daga ciki suna daura da juna, sauran biyun kuwa a karkace suke. Wanda ya dubi bokiti daga gefe, baki da faɗi gindi a tsuke, ya ga misalinta. Siffa ta biyu ita ma gefenta huɗu ne, amma babu biyun da ke daura da juna, kamar gonar gado da aka yi ta gutsura har ta rasa fasali.

Ƙirar Kalmar

Tushen kalmar shi ne trapeza, watau tebur da Girkanci. Ita kanta trapeza harɗaɗɗiyar kalma ce mai ɓangare biyu. Na farkon, tra, gajartacciyar sura ce ta kalmar "huɗu", wadda ta fi bayyana a matsayin tetra. Na biyun, peza, daga kalmar "ƙafa" ya fito. Ashe ke nan trapeza na nufin "mai ƙafa huɗu".

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. A fadar Pylos da ke kudancin Girka an tono allunan yumɓu da aka rubuta wajen shekara 1200 kafin Miladiyya, cikin wani rubutu da ba a iya karanta shi ba sai a 1952, lokacin da Michael Ventris ya warware shi. A cikin allunan akwai jerin kayan ɗaki na fada, kuma a nan aka ga kalmar a rubuce to-pe-za. Abin sha'awa shi ne, magatakardan fadar ya bayyana wasu daga cikin teburan da cewa masu ƙafa shida ne, wasu kuma masu ƙafa tara. Wannan ya nuna tun a wancan zamani masu harshen sun daina jin "huɗu" a cikin kalmar, tebur kawai suke ji. Haka ma a zanen da ke jikin tukwanen Girkawa na baya ana yawan ganin teburin cin abinci mai ƙafa uku. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tun da yakan ce ga ɗan sanda nan riƙe da bindiga, ko kuma ya kira mutum farar hula alhali jar dara ce a kansa. Da zarar kalma ta zauna a bakin jama'a, sai ma'anar gutsattsarin da aka gina ta da su ta dushe.

Daga trapeza aka samo kalmomi biyu da suka shafi wannan bayani. Ta farko ita ce trapezion. Ɗafa-ƙeyar -ion a Girkanci tana nuna ƙanƙanta, aikin da ɗan da 'yar ke yi a Hausa, saboda haka trapezion shi ne "ɗan tebur". Da kalmar ta shiga Latin sai ta koma trapezium, a wannan sura kuma Ingilishi ya karɓe ta.

Ta biyu ita ce trapezoeides. A nan an liƙa wa tushen ɗafa-ƙeyar da ta fito daga eidos, watau kama ko sura. Wannan ɗafa-ƙeya ce ta zama -oid a harsunan Turai, kuma aikinta shi ne ta nuna abu ya yi kama da wani abu ba tare da ya zama shi ba. Hausa tana da hanyarta ta yin wannan aiki, watau ninka kalma tare da gajarta wasalin ƙarshe: ja-ja, fari-fari, ruwa-ruwa, gishiri-gishiri. Abin da aka ce ja-ja ne bai cika ja ba, ya dai doshi ja. Da za a bi wannan ƙa'ida, da fassarar trapezoid ta zama "tebur-tebur", watau mai kama da tebur, ko kuma mai kama da trapezium amma bai kai shi ba. Ya kamata a riƙe wannan, don shi ne ma'aunin da za a gwada amfanin Ingila da na Amurka da shi nan gaba.

Sai dai fa babu inda kalmomin biyu suka ambaci gefuna masu daura da juna. Ƙirarsu ba ta faɗi kome ba illa tebur. Ma'anar lissafi malamai ne suka ɗora musu daga baya, abin da malami ya ɗora kuwa wani malamin na iya saukewa.

Daga Euclid Zuwa Proclus

Euclid, wanda Larabawa ke kira Iƙlidis, ya rayu a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin Miladiyya. Littafinsa na tushen ilmin awon siffofi yana da kashi goma sha uku, kuma ya buɗe kashi na farko da bayanin ma'anonin kalmomi. A bayani na 22 ya kawo siffofi masu gefe huɗu. Ya ambaci murabba'i, da mustaɗili, da rhombos, watau murabba'in da aka tura ya karkace, da rhomboeides, watau mustaɗilin da ya karkace. Da ya gama da waɗannan huɗu sai ya tattara duk sauran siffofi masu gefe huɗu ya ce a kira su trapezia, jam'in trapezion.

Ke nan a wurin Euclid "ɗan tebur" suna ne na tarkace. Bokiti da gonar gado duka suna cikinsa. Bai yi amfani da trapezoid a wannan bayani ba, kuma bai raba tarkacen gida biyu ba.

Wanda aka samu rabon a rubuce a wurinsa shi ne Proclus, wanda aka haifa a 412 Miladiyya ya rasu a 485, ya kuma shugabanci makarantar mabiya Aflatun a Atina. Ya rubuta sharhi a kan kashi na farko na littafin Euclid, a ciki kuma ya kawo wani rabo da ya jingina wa Posidonius, malamin da ya koyar a tsibirin Rhodes a ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya. Bisa wannan rabo siffofi masu gefe huɗu iri bakwai ne. Huɗun farko su ne na Euclid. Sa'an nan akwai trapezion iri biyu, dukansu masu gefe biyu daura da juna: a ɗaya karkatattun gefunan tsawonsu ɗaya, a ɗayan kuwa sun bambanta. Na bakwai shi ne trapezoeides, wanda ba shi da gefuna masu daura da juna ko kaɗan. Proclus har ya nema wa Euclid uzuri, ya ce bai yi wannan rabo ba ne domin a lokacin da ya zo bayani na 22 bai riga ya yi maganar layuka masu daura da juna ba. Lalle kuwa, sai a bayani na 23 suka zo.

Wannan tsari yana da ma'ana. Siffar da ke da sama a shimfiɗe daura da ƙasa ita ta fi cancantar a ce mata ɗan tebur, wadda ta rasa wannan kuwa sai a ce ta yi kama da shi kawai. A kan wannan harsunan nahiyar Turai suka tafi. Bafaranshe ya ce trapèze, Bajamushe ya ce Trapez, mutumin Italiya ya ce trapezio, duka kuwa siffar bokiti suke nufi.

Larabawa sun bi wata hanya. Da aka fassara Euclid a Bagadaza, tun daga aikin Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar a zamanin Haruna Rashidu har zuwa na Is'haƙu ɗan Hunainu wanda Sabitu ɗan Ƙurra ya gyara, masu fassara ba su ari kalmar Girkanci ba, ba su kuma ce tebur ba. Sun dubi halin siffar suka kira ta munharif, watau karkatacce ko bauɗaɗɗe. A littattafan makarantun ƙasashen Larabawa, siffar bokiti ita ake kira shibhu munharif, mai kama da karkatacce. Hankalin da ke ciki shi ne, wadda ba ta da gefuna masu daura da juna ita ce cikakkiyar karkatacciya, mai biyu kuwa rabin karkata ta yi. Ita kuma trapeza da kanta ta shiga Larabci ta wata ƙofa dabam, ta bakin talakawa: a Masar da Sudan tebur shi ne tarabeza, kalmar da Hausawan Sudan da alhazan da suka bi ta can suka sani sarai.

Ƙamus na 1795

An buga sharhin Proclus da Girkanci a birnin Basel a 1533, tare da littafin Euclid. A 1570 Henry Billingsley ya fitar da fassarar Euclid ta farko cikin Ingilishi, a ciki kuma akwai trapezium. Trapezoid ba ta bayyana a Ingilishi ba sai farkon ƙarni na 18, kuma da ma'anar Proclus ta shigo.

Musayar sunayen ana jingina ta ga Charles Hutton, mutumin Newcastle, wanda aka haifa a 1737 ya rasu a 1823. Ya daɗe yana koyar da lissafi a makarantar horar da hafsoshin soja da ke Woolwich. A 1795 ya fitar da babban ƙamus na lissafi da kimiyya, inda ya ba trapezium ma'anar siffar da ba ta da gefuna masu daura da juna, ya kuma ba trapezoid ma'anar mai biyu. Galibi akan kira wannan kuskure, kuma in an auna shi da Proclus kuskure ne. Amma adalci shi ne a tuna cewa turɓayar da kuskuren ya tsiro a kai tun Euclid take. Mutumin da ya tashi da karatun Euclid ya saba jin trapezium a matsayin sunan kowace siffa marar fasali. In aka ba shi wata kalma mai ɗafa-ƙeyar kama, ba abin mamaki ba ne ya ɗora ta a kan siffar da ta ɗan fi sauran tsari, kamar dai yadda Larabawa suka yi da shibhu munharif.

Ko ma mene ne dalilinsa, ƙamus ba kamar sauran littattafai ba ne. Wanda ya yi shakkar wata kalma ƙamus yake dubawa, ba ya kuma duba wani abu a bayansa. Bugu da ƙari, Hutton ya rubuta littafin koyar da lissafi wanda ya fara fitowa a 1798, aka sake buga shi a Amurka, har aka karantar da shi a makarantar soja ta West Point. Ta haka sabuwar ma'anar ta bazu a ɓangarorin tekun biyu. Wajen 1875 marubutan Ingila suka koma kan tsarin Proclus, suka daidaita da maƙwabtansu na Turai. Amurkawa ba su koma ba, Kanada ma ta bi su. Ƙasashen da suka gaji tsarin karatun Ingila bayan wannan lokaci, irin su Nijeriya da Gana da Indiya, gyararriyar ma'anar suka tarar, shi ya sa ɗalibin Kano da na Maraɗi suka yi daidai da juna ko da yake harsunan karatunsu sun bambanta.

Wani zai ce ai suna linzami ne kawai, a kira siffar duk abin da aka ga dama. To, amma akwai ƙa'idar awo da ke rataye da sunan. Siffar bokiti tana da hanya mai sauƙi ta gano girman filinta: a haɗa tsawon gefuna biyu masu daura da juna, a raba biyu, a ninka da tazarar da ke tsakaninsu. Alal misali, gona mai gefe ɗaya mita 60, na daura da shi mita 40, tazararsu mita 30, girmanta murabba'in mita 1,500 ne. Wannan ƙa'ida ta girmi Euclid nesa. Tana cikin takardar lissafin Masar da magatakarda Ahmes ya kwafa wajen 1550 kafin Miladiyya, wadda Alexander Henry Rhind ya saya a Luxor a 1858. A tambaya ta 52 an ba da fili mai gindi 6, yankakken kai 4, tsawo 20, aka haɗa 6 da 4, aka raba biyu, aka ninka da 20, amsa ta fito 100. Ita kuwa siffar gonar gado wannan ƙa'ida ba ta aiki a kanta, sai an tsaga ta alwatika biyu an auna kowace dabam. Ɗalibin da ya haddace ƙa'idar da sunan trapezoid daga littafin Amurka, ya zo ya ɗora ta a kan abin da littafin Ingila ya kira trapezoid, amsarsa ba za ta yi daidai ba, kuma ba zai san inda ya ɓata ba.

'Yan'uwan Kalmar

Zuriyar trapeza ba a lissafi kaɗai ta tsaya ba. A wuyan hannun mutum akwai ƙananan ƙasusuwa takwas, likitoci suna kiran na gindin babban yatsa trapezium, na gindin manuniya kuma trapezoid. Faffaɗar tsokar da ta taso daga ƙeya ta bazu kan kafaɗu ta gangara tsakiyar baya sunanta trapezius. Lilon da 'yan wasan motsa jiki ke shillo a kansa a Turai, wanda Jules Léotard ya yi suna da shi a Faris a 1859, shi ma trapèze ne. Birnin Trabzon na Turkiyya, a bakin Bahar Aswad, Girkawan da suka kafa shi Trapezous suka kira shi saboda tudu mai shimfiɗaɗɗen kai da aka gina shi a kai.

Wadda ta fi jan hankali ita ce ta kasuwa. 'Yan canjin kuɗi na tsohuwar Atina a bakin tebur suke zama, don haka aka kira ɗan canji trapezites, watau mai tebur. A Girkancin yau trapeza banki take nufi, tebur kuma ya koma trapezi, wadda ta fito daga tsohuwar kalmar "ɗan tebur". Kalmar banki da Hausa ta ara daga Ingilishi ita ma irin wannan tafiya ta yi, don asalinta banca ce ta Italiyanci, bencin da ɗan canji ke baza kuɗinsa a kai. Mai tebur a bakin kasuwar Kurmi yana da dangi a nesa.

Matsalar Suna a Hausa

Lokacin da manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara karantar da yaran Nijeriya da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsu, aikin nema wa kalmomin lissafi suna a Hausa ya zama wajibi. Wasu siffofin ba su ba da wahala ba. Da'ira da murabba'i da mustaɗili sun zo daga Larabci, alwatika kuma ta daɗe a harshen. Siffar bokiti ce ba ta da sunan da kowa ya sani.

Hanyoyi uku ne a buɗe. Ana iya aron kalmar Turai a daidaita ta da lafazin Hausa. In za a yi haka, trapezium ce ta cancanta, ba trapezoid ba, domin ita ce ta dace da abin da ake karantarwa a Nijeriya da Nijar da Gana, ita ce kuma ta dace da ƙirar kalmar tun daga Girkanci. Ana iya bin Larabci, sai dai shibhu munharif ta yi nauyi a bakin ɗan firamare, ga shi kuma tsarinta ya yi daidai da na Amurka, zai rikita yaron ranar da ya koma karatu da Ingilishi. Fassarar kai tsaye kuwa, a ce "ɗan tebur", ba ta da amfani, don teburin da yaro ya sani a aji samansa mustaɗili ne.

Hanya ta uku ita ce a bayyana siffar da kalmomin gida, kamar yadda magatakardan Masar ya ɗauke ta a matsayin alwatikar da aka yanke wa kai. "Yankakkiyar alwatika" suna ne da yaro zai ji ya ga hoton abin a zuciyarsa, har ya iya yanka takarda ya fitar da shi da hannunsa. Amma shi ma yana da iyaka. Malaman lissafi sun kasu biyu a kan ma'anar siffar: wasu sun ce gefuna biyu kaɗai ne za su kasance daura da juna, wasu kuma sun ce aƙalla biyu, ta yadda murabba'i da mustaɗili ma za su shiga ciki. Masu ra'ayi na biyu suna da hujja, don ƙa'idar awon da aka kawo a sama tana aiki a kan mustaɗili ba tare da an canza kome ba. Mustaɗili kuwa ba ya fitowa daga alwatika in an sare mata kai da yanka ɗaya, ko ta ina aka bi da wuƙar. Saboda haka sunan zai yi wa littafin firamare daidai, inda ma'ana ta farko ake koyarwa, amma mai rubuta littafin manyan azuzuwa sai ya fara faɗin wace ma'ana ya ɗauka daga cikin biyun kafin ya yi amfani da shi.